Ɗalibanmu, Ciwon Damuwa Da Wayar Salula

  

Malamai sun lissafa abubuwa biyar waɗanda shari'a ta zo domin kare su, su ne addini da rai da hankali da nasaba da dukiya. Biyu daga cikinsu, wato rai da hankali, suna cikin haɗari a jami'o'i da manyan makarantunmu, alhali mutane ba su cika son a yi maganar ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum 720,000 ke halaka kansu a kowace shekara, kuma a 2021 wannan shi ne na uku cikin abubuwan da suka fi kashe matasa 'yan shekara 15 zuwa 29. Waɗannan su ne shekarun ɗalibta.

Ruwa ba ya tsami banza. Ɗalibin Najeriya ya zauna gida wata tara a yajin aikin malaman jami'a na 2020, ya sake zama wata takwas a na 2022. Da ya koma sai ya tarar da ƙarin kuɗin makaranta da tsadar da ta biyo bayan cire tallafin mai a 2023, ga cunkoson ɗakin kwana, ga fargabar faɗuwa jarrabawa, ga iyaye sun zuba masa ido. Wasu sukan nemi sauƙi a wajen ƙwaya da kodin, sai su faɗa ramin da ya fi na farko zurfi. An sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, amma ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta sha kokawa cewa yawansu bai kai 300 ba a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200. Asibitocin Kaduna da Maiduguri da Kware da Dawanau ba za su iya ɗaukar wannan nauyi su kaɗai ba.

Saboda haka ne wasu suka ce, tunda likita ya yi wuyar gani, ita kuwa wayar salula tana aljihun kusan kowane ɗalibi, a ƙera manhajoji waɗanda za su riƙa tambayarsa halin da yake ciki, su koya masa dabarun sarrafa tunani, su haɗa shi da mai taimako. Mu ba ma adawa da wannan tunani. Musulunci ya umurce mu da neman magani, waya kuwa kayan aiki ce, hukuncinta yana bin abin da aka yi da ita. Sai dai wajibi ne mu dubi abin da ya faru ga waɗanda suka riga mu shiga wannan fage.

A Amurka an fito da wata manhajar hira mai suna Woebot a 2017, aka gwada ta a kan matasa 70 na tsawon mako biyu, aka ga alamun damuwarsu sun ragu. Amma kamfanin ya rufe ta a 2025. Wani bincike na 2019 da ya bi diddigin manhajoji 93 ya gano cewa, a tsakatsaki, cikin mutum ɗari da suka saukar da manhaja kimanin uku ne ke buɗe ta bayan wata guda. A 2023 hukumar kare masu sayayya ta Amurka ta sa kamfanin BetterHelp ya biya dala miliyan 7.8 saboda ya miƙa bayanan masu neman shawara ga Facebook da wasu kamfanoni don talla. A wannan shekarar ce kuma aka dakatar da wata manhaja mai suna Tessa, bayan an same ta tana ba masu ciwon ƙin cin abinci shawarar rage ƙiba. Daga waɗannan misalai muka fitar da sharuɗɗa huɗu.

Na farko, manhaja ta zama ƙofa ce zuwa ga mutum. Na'ura ba ta da tausayi, ba ta zuwa dubiya, ba ta kuma iya ƙwanƙwasa ƙofar ɗakin wanda ya kulle kansa. Duk manhajar da za a ba ɗalibai, lalle ne idan ɗalibi ya ambaci cewa ya gaji da rayuwa, nan take ta haɗa shi da likita ko ma'aikacin jinya da ke kan aiki a asibitin makarantarsa. Idan babu wanda zai ɗaga waya da tsakar dare, to, an yaudari yaron ne kawai.

Na biyu, amana. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Abin da ɗalibi ya faɗa cikin halin rauni sirri ne, sayar da shi ha'inci ne, miƙa shi ga hukumar makaranta don a hukunta shi kuwa zalunci ne. Tun 2013 masu bincike a kwalejin Dartmouth suka nuna, da ɗalibai 48, cewa waya tana iya gane barcin mutum da zirga-zirgarsa da yawan hirarsa ba tare da ya rubuta komai ba. Yin haka ba da sanin mai wayar da yardarsa ba shi ne binciken asirin mutane da Allah Ya hana. Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a tun 2023. A yi aiki da ita, a kuma bayyana wa ɗalibi a fili wa ke ganin bayanansa, da yadda zai goge su.

Na uku, harshe da aƙida. Kayan aro ba ya rufe katara. Ɗanmu ba ya cewa yana da ciwon damuwa. Cewa yake zuciyarsa na tafasa, ko kansa ya ɗau zafi, ko barci ya ƙaurace masa. Manhajar da ba ta gane wannan ba, ba ta gane shi ba. Haka nan wadda ta ɗauki salla da addu'a da zikiri da imani da ƙaddara a matsayin abin da bai shafe ta ba, ta yar da babban abin da ke riƙe zuciyar Musulmi. A yi ta da Hausa, da murya ga mai son saurare, ta yi aiki da ɗan kuɗin data kaɗan, kuma ɗaliba ta sami zaɓin yin magana da mace 'yar'uwarta.

Na huɗu, gwaji. A zauna da ɗalibai kansu tun daga zanen farko, a gwada, a auna, a bayyana sakamako. Ba a gwada magani a kan bayin Allah da ka.

Akwai kuma gyara a cikin gida. Har yanzu ana samun masu cewa duk mai damuwa mai raunin imani ne, ko kuwa aljanu ne suka shige shi. Wannan magana ba ta da hujja, kuma ita ce ke tura iyaye wajen bokaye da 'yan tsibbu, ta sa yaro ya ɓoye ciwonsa har ya ci ƙarfinsa. Annabi Yaƙubu ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusufu har ganinsa ya tafi, shekarar rasuwar Nana Hadiza da Abu Ɗalib kuwa an san ta a tarihi da shekarar baƙin ciki. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934 Miladiyya, ya bambanta a littafinsa Masalihul Abdani wal Anfus tsakanin baƙin ciki mai sanannen dalili da wanda ke faɗo wa mutum ba dalili, ya ce na biyun yana da alaƙa da jiki kuma yana buƙatar magani. Ruƙiya ta shari'a da zuwa asibiti ba kishiyoyi ba ne.

Don haka muna kira ga 'yan'uwanmu da suka karanci kwamfuta, da likitoci, da malamai, su haɗa kai su yi wannan aiki da kansu, domin fardu kifaya ne. Muna kira ga masu hali su ɗauki nauyinsa a matsayin sadaka mai gudana, don kada a nemi kuɗin gudanar da shi ta hanyar sayar da asirin yara. Muna kira ga kwamitocin masallatan makarantu su koya wa limamai da shugabannin ɗalibai alamomin haɗari, kamar daina shiga mutane, da rashin barci, da yawan ambaton mutuwa. Kai kuma ɗalibi, idan ka kwana biyu ba ka ga ɗan'uwanka a sahu ba, kada ka tsaya ga aika masa saƙo, taka ka je ɗakinsa.

Allah Ya yaye wa masu damuwa damuwarsu, Ya ba marasa lafiya lafiya, Ya kare mana zuriyarmu. Amin.