Ƙwayar Auduga Ta San Fari, Ƴaƴanmu Sun San Hadda

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin wasu iyaye, har da wasu malamai, wai binciken ƙwayoyin gado na tsirrai aikin Turawa ne, babu abin da ya haɗa shi da ɗan Tanut ko ɗan Belbeji. Wannan magana kuskure ce, kuma ƴaƴanmu ne ke biyan kuɗinta.

Mu ɗauki auduga. A shekarar 1981, Leon Dure da abokan aikinsa a Jami'ar Jojiya ta Amurka suka lura cewa idan ƙwayar auduga ta kusa ƙosawa, ta fara bushewa, tana tara wasu sinadaran furotin masu yawa. Aka sa musu suna LEA. Daga baya aka gano cewa dangi ne babba na ƙwayoyin gado, gommai a shuka guda, kuma suna cikin gero da dawa da wake da rama. Aikinsu shi ne riƙe ɗan danshin da ya rage, su kare sassan jikin ƙwaya kada su lalace idan ruwa ya janye. Suna cikin dalilan da ke sa iri ya kwana a rumbu rani guda, ruwan shuka na sauka ya tsiro. Idan fari ko gishirin ƙasa ya matsa wa shuka, wani sinadari mai suna ABA yakan tada waɗannan ƙwayoyin a ganye da saiwa. A 1996 masu bincike suka ɗauki ɗaya daga cikinsu, HVA1, daga sha'ir suka sa wa shinkafa, ta ƙara jure ƙishi da gishiri.

To ku gaya mini, wa ya fi ɗan Damargu buƙatar wannan ilimi? Ƙasar da a da ake kira rumbun hatsin Nijar, wadda ta sha farin 1973 da na 1984, wadda damina ke zuwa mata a makare ta ɗauke da wuri? Mutanen Sin sun karanta jerin ƙwayoyin gadon rama kaf, suka wallafa a 2020. Ramar nan da muke kwaɗawa da ƙuli-ƙuli, muke tufka igiya da ɓawonta. Mu kuwa daga kasuwar Tanut har rijiyoyin Tenhiya igiyar roba muke saye.

Malamai, laifin farko namu ne. A darasin SVT yaro yana haddace sunan Mendel da wakensa, ya zubar a takardar jarrabawa, ya manta. Ba a taɓa ce masa kakarsa da ke ware zangarniyar da ta tsira a shekarar fari ta ajiye don iri, zaɓen ƙwayoyin gado take yi ba. Kada a fake da rashin ɗakin gwaji. Gwangwani goma, ƙasa, da irin rama ko gero daga gidaje biyar sun isa. A shuka, a hana rabi ruwa mako guda, yara su auna tsawo su rubuta wanne ya fara yaushi. Kimiyya ke nan, kuma ba ta cin ko dala.

Iyaye, ku ma da naku. Yaro ya ce zai karanta aikin gona, sai a ce masa wanda ya faɗi lakwal ne ke komawa gona. Alhali INRAN na nan tun 1975, cibiyar ICRISAT na Sadore kusa da Yamai, akwai jami'a a Damagaram da Maraɗi, ga Samaru ta Zariya da ta daɗe tana fitar da irin auduga. Idan ƴaƴanmu ba su shiga waɗannan wurare ba, wa zai tuna da ƙasar da ruwanta bai kai na kudu ba?

Masu tsoro suna da hujja guda, kuma ba a raina ta. Burkina Faso ta rungumi audugar da aka sauya wa ƙwayar gado, sannan ta yi watsi da ita a 2016 saboda zarenta ya gajarce, darajarta ta faɗi. Gaskiya ne. Amma masu auna zare da masana iri ne suka gano aibin, ba masu jita-jita ba. Darasin shi ne ƙasa ta mallaki masananta. Kuma sanin dangin LEA ba dole ya kai ga dasa ƙwayar wata shuka a wata ba; yana taimaka wa mai kyautata iri ya gane tun shuka na ƙarama wace ce ta gaji juriya.

Kowace makaranta a Damargu ta tara irin garinta kafin damina mai zuwa, ta rubuta sunansa da gidan da ya fito, ta gwada shi. Irin da aka cinye a shekarar yunwa ba ya dawowa.