Tseren Abu Dhabi: Shin Alƙali Ne Ya Zaɓi Zakara?

Ranar 12 ga watan Disamba, 1921 babu wanda ya san da tseren Formula 1, amma shekara ɗari daidai bayan haka, wato ranar 12 ga Disamba, 2021, duniya ta zuba ido a kan filin Yas Marina na Abu Dhabi, inda aka yi tseren ƙarshe na gasar shekarar. Direbobi biyu ne suka isa filin da maki 369.5 kowannensu: Lewis Hamilton ɗan Ingila mai tuƙa wa kamfanin Mercedes, da Max Verstappen ɗan Holan na Red Bull. Rabon da a ga irin wannan kunnen doki a tseren ƙarshe tun 1974. Da Hamilton ya ci, da ya zama zakara karo na 8, ya wuce Michael Schumacher.

Tseren zagaye 58 ne. Har zuwa zagaye na 53 Hamilton ne a gaba da tazarar da ta haura daƙiƙa 10. Sai motar Nicholas Latifi ta bugi katanga, aka fito da motar tsaro, wadda aikinta shi ne ta shiga gaba ta rage wa kowa gudu har a share hanya. Nan da nan Verstappen ya shiga ya sa sababbin tayoyi masu laushi, Hamilton kuwa ya ci gaba da tsofaffin nasa, domin da ya tsaya, da ya rasa matsayinsa.

A nan ne rigima ta samo asali. Tsakanin mutanen biyu akwai motoci 5 da aka riga aka zagaye su. Ƙa'idar lokacin ta ce idan an bar irin waɗannan motoci suka wuce, motar tsaro ba za ta koma ba sai ƙarshen zagayen da ke biye. Da an bi wannan, da an ƙare tseren a bayan motar tsaro, Hamilton na gaba. Shugaban tsere, Michael Masi, da farko ya ce kada kowa ya wuce. Daga baya ya sake shawara, ya bar motocin nan 5 kaɗai suka wuce, ya hana sauran 3, kana ya janye motar tsaro a wannan zagayen. Saura zagaye ɗaya tak, sabon taya a bayan tsoho. Verstappen ya wuce a kwana ta 5, ya zama zakara.

Ga mai kallon ƙwallo a gidajen kallo na Tudun Wada, misalin abin shi ne alƙalin wasa ya sake fassarar doka a minti na 90, ana tsaka da wasan ƙarshe na cin kofi.

Zargin coge ba baƙo ba ne a wannan gasa. A 1989 da 1990 Ayrton Senna da Alain Prost sun yi karo a Suzuka ta Japan, kuma karon ne ya raba gardamar kambi sau biyu. A 1994 Schumacher ya yi karo da Damon Hill a Adelaide, a 1997 kuma aka soke matsayinsa na gasar baki ɗaya saboda ya kai wa motar Jacques Villeneuve karo a Jerez. Amma fa duk waɗannan, direba ake tuhuma, hukuma na zaune a kujerar shari'a. A 2021 alƙalin ne kansa ake nuna wa yatsa, kuma babu wanda ya ce Verstappen ya karya wata doka a zagayen ƙarshe.

Shin an shirya abin ne? Har yau ba a kawo wata shaida ta haɗin baki ba, kuma hatsarin Latifi ba abin da wani zai tsara ba ne. Abin da aka ji da kunne ya isa abin damuwa. A wannan shekara shugabannin kamfanonin suna da damar yi wa shugaban tsere magana kai tsaye ta rediyo, ana kuma watsa maganar ga masu kallo. Toto Wolff na Mercedes ya roƙe shi tun da farko kada ya fito da motar tsaro sa'ad da wata mota ta lalace, mutanen Red Bull kuma suka matsa masa ya kawar da motocin da ke tsakani. Ga kuma fahimtar da aka yi da kamfanonin cewa an fi son tsere ya ƙare ana gudu, don masu kallo. Mutum ɗaya, cikin 'yan mintoci, masu ƙara biyu na yi masa ihu a kunne: ko alƙalin kotu ne aka yi wa haka, da wuya hukuncinsa ya fita da tsabta.

Mercedes ta kai ƙara biyu a daren, masu sa ido suka kore su, a ɗaya daga cikinsu suna dogara da sashen da ya ba shugaban tsere iko a kan motar tsaro. Ranar 16 ga Disamba kamfanin ya janye niyyar ɗaukaka ƙara. A Fabrairu 2022 sabon shugaban hukumar FIA, Mohammed Ben Sulayem, ya cire Masi daga muƙaminsa, aka kuma toshe hanyar rediyon nan. Rahoton hukumar na watan Maris ya ce kuskure ne na ɗan Adam, an yi shi da kyakkyawar niyya, sakamako kuwa yana nan daram. Aka gyara kalma ɗaya a dokar, ta koma cewa dukan motocin da aka zagaye ne za su wuce.

Wannan hukunci bai gamsar da mutane da yawa ba, domin hukumar da ta yi kuskuren ita ce ta binciki kanta, ta amsa laifi, ta sallami ma'aikacinta, amma ta bar wanda kuskuren ya cuta da hasararsa. A Oktoba 2022 kuma aka samu Red Bull da wuce iyakar kuɗin da aka yarda a kashe a 2021, aka ci ta tarar dala miliyan 7. Ita ma wannan ba ta taɓa maki ba: littafin gasar yana ɗauke da Verstappen 395.5, Hamilton 387.5.