Lasifikar Baba ba shara ba ce



Satin da ya wuce saura kaɗan mu yi faɗa da ƙanena a gidanmu na Damagaram, a kan akwatunan lasifika biyu. Na Baba ne, Allah Ya jiƙan shi. Na katako ne, kowane sai ka sa hannu biyu kafin ka ɗaga. Da su muka tashi muna jin kaset ɗin Shata da labarun Muryar Sahel. Sun shekara kusan goma a ɗakin ajiya don sauti ya lalace, sai ƙanena ya kira mai sayen tsohon ƙarfe, har sun yi ciniki jaka ɗaya da rabi. Mutumin maganaɗisu da tagulla kawai yake so, sauran zai farfasa. Na ce ba a fita da su. Ƙanena ya ce, "Yaya, mi za ka yi da tsohon yayi? Sun mutu fa, ko Bluetooth ba su da."

Maganar nan ce ta sa nake rubutu, don ba shi kaɗai ke yin ta ba. Dukanmu mun koyi cewa abu ya mutu tun ba mu kwance kusa ɗaya mun leƙa cikinsa ba.

Da dare na ɗauki turnabis na buɗe. Lasifika ba ta da wani sihiri: maganaɗisu ne, da naɗin siririyar wayar tagulla da masu gyara ke kira bobin, da takarda mai kauri mai siffar mazurari. Wuta ta bi ta bobin, takardar ta yi gaba ta yi baya, ta tura iska, kunne ya ji. Tun 1925 Chester Rice da Edward Kellogg suka fito da wannan tsari a kamfanin General Electric na Amurka, kuma har yau shi ne cikin akwatin da kake ratayawa a kafaɗa. Abin da ya mutu a na Baba zoben soso ne da ke riƙe bakin takardar da firam. Irin sosan nan yana ruɓewa da kansa bayan shekaru, zafi na ƙara mishi sauri, ka taɓa ya zube kamar garin rogo. Shi ke nan ciwon.

Ga yadda za ka gane ko taka na da rai. Cire babbar lasifikar daga akwatin, ka ɗauki pil ɗaya mai bolt 1.5, ka taɓa wayoyinta biyu na ɗan lokaci. In ta yi ƙas, takardar ta motsa, bobin lafiya lau. In kana da mita, wadda aka rubuta wa om 8 za ta nuna wajen 6 ko 7, kuma daidai ne. Sai ka danna takardar a hankali da yatsu, ko'ina daidai: in ba ka ji gurza ba, aikinka soso ne kawai. Ka kankare tsohon da reza, ka goge da alkol, ka samo sabon zobe mai girman naka wurin masu gyaran lasifikar biki da ta masallaci, ko ku haɗa kuɗi ku yi oda ta intanet. Ka fara liƙa bakin ciki a jikin takarda, ya bushe, sannan bakin waje a jikin firam, kana dannawa kana saurare don bobin ya zauna tsakiya. Kar ka sa gam ɗin nan mai kamawa nan take, yana sandarewa ya tsage. Ka bar ta ta kwana. In siririn sauti ya dusashe, duba kondansa da ke kan ɗan allon cikin akwatin: tsoffin suna bushewa, a canza da mai lamba iri ɗaya, marar kai da gindi. In gara ta ci katako, aikin kafinta ne. In bobin ya ƙone, kai wa mai gyara ya sake naɗawa. Akwatin lasifika irin wannan ba ya haɗe da kuran, ba abin tsoro. Ampili kam, kar ka buɗe shi in ba ka iya ba.

Kwana biyu na yi, kuɗin da na kashe bai kai na katin waya na wata ɗaya ba.

To mu dubi abin da muke musanyawa da su. Ni kaina na sayi akwatin Bluetooth uku cikin shekara huɗu. Na ƙarshe an rubuta "wat 5000" a kwalinsa da manyan haruffa. Dutsen guga na wuta wat 1000 yake ci ko ɗan fiye, kuma kowa ya san yadda yake jan kuran. Ta ina ɗan batir da bai kai sabulu ba zai ba da ninki biyar? Lambar talla ce, mun sani, mun kuma biya. Bayan wata bakwai batirin ya kumbura, don batirin litiyom ba ya shiri da zafin Afrilu. Na kai gyara, aka tarar an liƙe jikin da gam, sai an fasa kafin a shiga. Na koma wa mai kantin, ya ce, "Sai dai ka ɗauki sabo." Wanda ya ƙera abu ba tare da ƙofar gyara ba ya riga ya yanke ranar da za ka dawo da kuɗinka.

Kuma gawar ba ta ɓacewa. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a 2022 duniya ta zubar da tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki, wanda aka tattara aka sarrafa bisa ƙa'ida bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Namu kason yana kan juji a bayan unguwa, yara na ƙona roba don su ciro tagulla, suna shaƙar hayaƙin. Tun 1991 ƙasashen Afirka suka ƙulla yarjejeniyar Bamako don hana shigo da shara mai guba. Yanzu sai ga shi muna sayen sharar tun tana cikin kwali, da kuɗinmu. Faransa kuwa, a Janairun 2021 ta tilasta a manna makin sauƙin gyara, daga 0 zuwa 10, a kan kaya irin su waya da kwamfuta. Su da ke da kuɗin sayen sabo suna kafa doka don a yi gyara, mu da muke ƙirga dala muna jin kunyar tsoho.

Na san mi za a ce: kuran ba ya tsayawa, kiɗan kowa a waya yake. Gaskiya ne, kuma maganin na da arha. Akwai ƙananan ampili masu Bluetooth da ke aiki da bolt 12, batirin sola ma ya ishe su. Ka haɗa ɗaya da tsoffin akwatunan. Ran da ya mutu, shi kaɗai za ka canza. Sai dai kar ka murɗa shi har sauti ya fara tsagewa, nan ne ƙaramar lasifikar ke ƙonewa.

Abin da ya fi damuna shi ne hannu. Ku shiga kasuwar Katako a Yamai ku ga yadda ake maida tsohon alminiyom tukunya. Kowane gari na da tsohon mai gyaran rediyo a rumfarsa, da dalma da gilashin ido ɗaure da zare. Da yawansu ba su da almajiri ko ɗaya, mu kuma muna zaune a fada muna kukan rashin aiki. Ran da suka tafi, sun tafi da abin da ke kansu.

Saboda haka kafin ka kira mai sayen ƙarfe, kwance kusa ka duba. In ya fi ƙarfinka, kai wa tsohon nan, ka zauna ka ga yadda yake yi, ka biya shi ba tare da ka raina aikinsa ba.

Daren da na kunna na Baba, Inna ta fito daga ɗaki ta tsaya bakin ƙofa, ta daɗe ba ta ce komai ba. Ƙanena kuwa da safe cewa ya yi a ba shi aron su ya kai ɗakinsa. Na ce ya fara koyon liƙa soso, akwai na maƙwabcinmu suna jira.