Ra'ayin Jarida: Ciniki ba ya halatta wulaƙanci

Duk wanda ya ratsa kasuwar Magariya ko ta Dungas ya san cewa akasarin atamfofi, babura da wayoyin salula daga ƙasar Sin suke fitowa, ta hannun fataken Kano masu zirga-zirga zuwa Guwanzu. A wannan birni ne, cikin watan Afrilun 2020, aka fitar da ƴan Afirka daga gidajen haya da otel-otel bisa zargin yaɗa cutar korona, har wani reshen McDonald's ya liƙa sanarwar hana baƙar fata shiga kafin kamfanin ya nemi afuwa. A shekarar ce kuma, a Koriya ta Kudu, Sam Okyere, ɗan Gana mai fitowa a talbijin, ya soki ɗaliban da suka shafa baƙi a fuska, aka yi masa ca har sai da ya ba da haƙuri.

Maganar ta iso gida. A watan Maris na 2025 hukumomin Nijar sun kori manyan jami'an Sin uku na kamfanonin mai, ciki har da na matatar SORAZ ta Damagaram, saboda tazarar albashi tsakanin baƙi da ƴan ƙasa.

Kora kaɗai ba ta wadatar ba. Wajibi ne sufetocin ƙwadago su riƙa binciken takardun albashi, ofishin jakadanci a Beijing ya tsaya wa duk bafataken da aka ci zarafinsa, ƙungiyoyin ƴan kasuwa kuwa su daina hulɗa da dillalin da ya raina su. Mai saye da kuɗinsa ba almajiri ba ne.