Dusar Kaɗe: Makamashin da Arewacin Ghana ke Zubarwa

Idan aka yi zancen samar da wuta daga shara a Ghana, misalan da ake kawowa duk na kudu ne. A Ashaiman, kusa da Tema, kamfanin Safisana yana haɗa bayan gida da sharar kasuwa yana fitar da iskar gas, wutar lantarki da takin noma. A Gyankobaa da ke yankin Ashanti kuma akwai tashar kilowat 400 da Jamus ta ba da kuɗin ginawa. Duka biyun sun dogara ne da tarin sharar birni da motocin kwasarta.

Garu, Bawku, Yendi da Salaga ba su da irin wannan tari. Abin da suke da shi shi ne ɓawon gyaɗa, buntun shinkafa, karan dawa, sai kuma dusar da ke saura bayan mata sun tace man kaɗe.

Wannan dusa ce ta cancanci a sa mata ido yanzu. Burkina Faso da Mali sun dakatar da fitar da ɗanyen kaɗe a 2024, Najeriya ta bi sahu a watan Agustan 2025. Manufar ita ce a riƙa sarrafa shi a gida, kuma duk inda sarrafawa ta ƙaru, dusa za ta ƙaru. Sau da yawa ana kwarara ta ne da ruwanta a bayan gida, ta lalata ƙasa. Amma idan aka shanya ta aka dunƙule, tana ci da wuta sosai saboda ragowar man da ke jikinta. Abin takaicin shi ne, ana sare itacen kaɗanya a yi gawayi, alhali matar da ke soya kaɗe tana sayen itace.

Fasahar ma ba baƙuwa ba ce. Iyayenmu mata sun daɗe suna ƙona kara su tace ruwan toka don miya da sabulu, wanda shi ma sinadari ne daga shara.

Cikas ɗin yana wajen jari da tsaro. Injin matse dusa da rumfar shanya sun fi ƙarfin ƙungiyar mata guda, kuma rikicin sarautar Bawku, da dokar hana fita da ke biyo shi, na korar masu zuba kuɗi har daga Garu da ke maƙwabtaka. Majalisun gundumomi na iya farawa da abin da ke hannunsu: makarantun kwana da ke dafa abinci da itace su koma sayen dunƙulen dusa daga ƙungiyoyin matan, a kan kwangilar shekara.