Kafin a Kafa Sabon Harsashi a Ƙetare, a Nuna Mana Takardun Tsoho



Wani zai ce ina ruwan malamin firamare na Fagge da ginin ofishin jakadanci da ke Accra ko Landan? To, muna da ruwa har da tsaki. Da yawa daga cikin yaran da ke gabanmu 'ya'yan 'yan kasuwar Sabon Gari ne, masu zuwa saro kaya Guangzhou da Dubai, ko masu kai kaya Gana. Iyayenmu kuma duk shekara suna sauka a Jidda. Ranar da fasfo ya ɓace, ko aka riƙe wa mutum kaya, ko ajali ya riski wani a baƙon wuri, ƙofar wannan ofishi ake ƙwanƙwasawa. Kuɗin gina shi kuwa daga baitulmalin da ake sayen alli yake fitowa. Ga shi mu ne muke tsayawa gaban allo muna koya wa yara cewa dukiyar al'umma amana ce. Saboda haka dole mu yi magana.

Matsayinmu ɗaya ne: kada a ƙara kafa harsashin sabon ginin jakadanci ko guda, sai an zo an yi wa 'yan ƙasa bayanin inda tsofaffin suka kwana.

Mu tuna abin da ya faru a Accra cikin watan Yuni na 2020. Da dare wasu mutane suka shigo da katafila harabar gidan jakadan Najeriya, suka rushe wani gini da ake tsakiyar yinsa. Ƙasa ta ɗauki zafi, kuma da gaskiyarta, domin Yarjejeniyar Vienna ta 1961 ta haramta keta alfarmar irin wannan wuri. Shugaba Nana Akufo-Addo ya kira Shugaba Muhammadu Buhari ya ba da haƙuri, Gana ta yi alkawarin mayar da ginin. Amma da ƙura ta lafa sai ga abin kunya. Ministar harkokin wajen Gana ta bayyana cewa tun shekarar 2000 aka ba Najeriya takardar kason filin, amma ba a bi an karɓi takardar mallaka ba, sabon ginin ma babu izinin yinsa. Shekara ashirin takarda tana jira, babu wanda ya je ya karɓo ta, sai da aka tashi gini aka kawo bulo da siminti.

Bayan wata biyu gwamnatinmu ta sake kokawa cewa an karɓe mata wani gida a titin Barnes, a Accran dai, wanda ta yi kusan shekara hamsin tana aikin jakadanci a cikinsa. Gana ta amsa da cewa wa'adin hayar wurin ya ƙare ba a sabunta ba. Ko da wa gaskiya take, darasin a fili yake: muna gina sabo a unguwa ɗaya, tsoho yana suɓuce mana a wata.

Najeriya tana da ofisoshin jakadanci 109 a faɗin duniya. A watan Satumba na 2023 aka kira jakadunmu gida, aka kuma shafe fiye da shekara biyu ba a tura waɗanda za su maye gurbinsu ba. A 2025 Ma'aikatar Harkokin Waje da bakinta ta amsa cewa wasu ofisoshin sun kasa biyan kuɗin haya da albashin ma'aikatan da suka ɗauka a can. Maganar bashin albashi ba sai an fassara wa malamin firamare ita ba. Wanda bai iya biyan mai gadi da mai shara ba, da wace fuska zai zo yana neman kuɗin sabon bene?

Masu kare irin waɗannan ayyuka sukan ce gini martabar ƙasa ne, su ce a dubi Amurka. To, mu dube ta. A watan Maris na 2022 ta fara ginin ƙaramin ofishin jakadancinta a Eko Atlantic da ke Legas a kan dala miliyan 537. A Landan kuwa ta bar tsohon ofishinta na dandalin Grosvenor ta koma sabo a Nine Elms a watan Janairu na 2018, ginin da ya ci kimanin dala biliyan ɗaya. Abin da ba a faɗa mana shi ne, da kuɗin da ta samu daga sayar da kadarorinta na Landan ta yi wannan gini. Tsohon kuwa wani kamfanin ƙasar Katar ne ya saye shi, ya mayar da shi otal. Ma'ana, tsoho ne ya haifi sabo, kuma kowa ya san wanda ya saya da abin da aka yi da kuɗin. In za a yi koyi, a fara daga nan. Kwaikwayon tsawon bene ba tare da kwaikwayon lissafi ba, rawanin aro ne.

Wannan cuta ba baƙuwa ba ce a gare mu, domin a cikinta muke aiki. Akwai makarantar da wasunmu suka koyar a nan yankin, iska ta yaye kwanon azuzuwanta. Aka rubuta takarda, damina ta wuce, wata ta zo, gara ta cinye katako, bango ya tsage. Gyaran da bandir kaɗan na kwano da ƙusa za su gama bai samu ba. Rannan sai ga ɗan kwangila ya zo ya auna fili a gefe, aka tayar da sabon gini mai aji biyu, aka shafa fenti, aka ɗauki hoto. Tsofaffin azuzuwa suna nan sun zama makwancin awaki, yara kuma sun cushe a sabon. Dalili bai ɓoyu ba. Sabon gini yana da kwangila, yana da bikin buɗewa, yana da allon da za a rubuta sunan mai girma. Toshe yoyo da bin takardar fili ba su da ko ɗaya. Wannan halin ne ya bar tsohuwar Sakatariyar Tarayya ta Ikoyi ta zama kango bayan an koma Abuja a 1991, shi ne kuma muka ɗauka muka tsallaka da shi ƙetare.

Da masu mulki za su shigo Kasuwar Sabon Gari, da sun koyi karatu. Ɗan kasuwa ba ya buɗe rumfa ta biyu ta farko tana yoyo, kuma takardar rumfarsa tana inda ɓera ba ya kaiwa. Waɗanda gobarar watan Maris na 2016 ta cinye wa dukiya sun san abin da wannan takarda take nufi ranar da aka zo tantance masu rumfuna. Haka waɗanda suka sayi shaguna a filin Idi a zamanin wata gwamnati, wadda ta gaje ta ta rushe su a 2023, sun ɗanɗana abin da ke faruwa idan aka yi wasa da filin al'umma.

Ba mu ce a rufe ofisoshin jakadanci ba, iyayen ɗalibanmu suna bukatarsu. Mun kuma san akwai inda gina gida ya fi zaman haya sauƙi. Abin da muke nema shi ne:

Na ɗaya, a wallafa jerin duk gidaje da filayen da Najeriya ta mallaka a ƙetare, da halin da kowanne yake ciki, da matsayin takardunsa.

Na biyu, duk wanda aka sayar a faɗi mai saye, da farashi, da asusun da kuɗin ya shiga, Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya ya tabbatar.

Na uku, 'yan majalisarmu na Kano su ƙi amincewa da kuɗin sabon gini a duk birnin da muke da tsohon da ba a yi bayaninsa ba.

Na huɗu namu ne na gida, domin idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Kowane shugaban makaranta a wannan reshe ya tambayi ofishin Sakataren Ilimi a rubuce: ina takardar filin makarantarmu, kuma ina iyakarsa? Mun ga yadda shaguna suke cin katangar makarantu taku bayan taku. Idan ƙasa guda ta wayi gari da katafila a gidan jakadanta saboda sakacin takarda, makarantar da ke maƙwabtaka da kasuwa, inda kowane taku na ƙasa kuɗi ne, ba ta da dalilin yin barci.

Muna roƙon wakilan makarantu su zo taron reshe na gaba da amsar da suka samu, ko da amsar ita ce babu. Daga nan za mu san ƙofar da za mu dosa.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amana.