Bindiga Ba Kwalin Takalmi Ba Ce

A Amurka akwai wata magana da masu rajin mallakar bindiga suka riƙe tamkar aƙida: wai kamfanin dakon kaya ba ruwansa da abin da ke cikin kwali, aikinsa ya ɗauka ya kai, ya karɓi kuɗinsa. Da kamfanonin dako na UPS da FedEx suka tsaurara sharuɗɗansu, suka daina karɓar bindiga sai daga hannun masu lasisin gwamnatin tarayya da suka ƙulla yarjejeniya da su, sai aka yi musu ca. A watan Nuwamba na 2022 manyan lauyoyin gwamnati na jihohi da dama, Austin Knudsen na Montana a kan gaba, suka rubuta wa kamfanonin biyu wasiƙa suna zarginsu da buɗe ƙofar baya don a haɗa rajistar masu bindiga. Ni dai ban yarda da wannan kuka ba, kuma ina ganin tarihin ƙasar da kansa ya ƙaryata shi.

A watan Maris na 1963 wani mutum a Dallas ya ga talla a mujallar American Rifleman, ya cike takarda da sunan ƙarya, A. Hidell, ya aika wa shagon Klein's da ke Chicago. Farashin bindigar har da madubin hangen nesa dala 19.95 ne. Aka naɗe ta aka tura masa akwatin gidan waya. Babu wanda ya ga fuskarsa, babu wanda ya tambaye shi ko shi wane ne. Sunansa na gaskiya Lee Harvey Oswald, kuma da wannan bindiga aka harbe Shugaba John Kennedy ranar 22 ga Nuwamba na shekarar. Duk da haka majalisar dokokin Amurka ta ci gaba da jan ƙafa har shekara biyar, sai da aka kashe Martin Luther King da Robert Kennedy a 1968 kafin ta zartar da dokar da ta hana sayar wa mutum bindiga ta saƙo daga wata jiha kai tsaye. Tun daga lokacin, bindigar da aka saya daga wata jiha sai ta sauka hannun dillali mai lasisi, mai saye ya je da ƙafarsa ya cike takarda. Binciken tarihin mai saye ta na'ura kuwa sai a 1998 ya fara aiki.

Me ya kawo kamfanoni masu zaman kansu cikin lamarin? Tun 1927 doka ta hana talaka tura ƙaramar bindiga ta gidan waya. Wanda yake son ya aika tasa wurin gyara ko ya mayar wa masana'anta, kamfanin dako ne ya zama hanyarsa. Nan ne masu kuka suke da 'yar gaskiya, kuma ba zan ɓoye ta ba: mutumin kirki da ke ƙauye mai nisa yanzu sai ya nemi dillali, ya biya shi lada, kafin a tura masa kayansa. Wahala ce. Amma wahalar tuƙa mota zuwa gari da biyan 'yan daloli ce, a ƙasar da harsashi ya kashe mutum sama da 48,000 a 2021 kaɗai, fiye da rabinsu kuma da hannunsu suka kashe kansu.

Ko a tashar mota, direba ba ya karɓar saƙo sai ya tambayi abin da ke ciki, a rubuta lambar wayar mai karɓa a jikin kwalin, kuma ba mai cewa an ci masa mutunci. To ina ga kayan da amfaninsa ɗaya ne, kisa?

Masu cewa kwali kwali ne sun manta cewa ɓarayi ba su ɗauke shi haka ba. A 2018 an kwashe bindigogi kusan 400 daga wani wurin ajiyar UPS a Memphis, aka gano yawancinsu a wajen birnin Chicago. Doka da kanta ta hana kamfanin dako manna alama a bayan kwali da ke nuna bindiga ce a ciki, saboda an san tana jan ido. Idan alama ba za ta fito a waje ba, dole a san abin a cikin littafi: wa ya kawo, wa zai karɓa, a ina aka ga kwalin a ƙarshe. Babban abin da lauyoyin nan suka yi ƙorafi a kai shi ne an nemi masu aikawa su ware asusun bindiga daban da na sassanta da na sauran tarkace. Wato laifin kamfani shi ne yana son ya san abin da ya loda wa direbobinsa.

Tsoron rajista kuwa ya riga ya yi ɓarnar da ta isa. Dokar 1986 ta haramta wa gwamnatin tarayya ajiye rajistar masu bindiga. Saboda haka cibiyar bin sawun makamai ta hukumar tarayya mai kula da bindigogi, ATF, da ke Martinsburg, a jihar West Virginia, ba ta da ikon buga sunan mutum a kwamfuta ta nemo shi. Idan 'yan sanda suka tsinci bindiga a inda aka yi kisa, ma'aikata sai su bi ta waya daga masana'anta zuwa babban dillali zuwa ƙaramin shago, wani lokaci su shiga tonon tsofaffin takardu ɗaya bayan ɗaya, iyalan mamaci na zaune suna jira. Wannan halin ne ake so a shimfiɗa har cikin motar dako.

Abin da ke damuna da matakin UPS da FedEx guda ne: ƙa'idar kamfani ce, ba doka ba. Shugabannin da suka sa ta za su iya cire ta gobe idan ciniki ya ja baya ko 'yan siyasa suka matsa. Majalisar dokokin Amurka ce ya kamata ta rubuta cewa duk kamfanin da ya ɗauki bindiga sai ya tantance mai aikawa, ya ajiye bayanin tafiyarta, ya kuma kai rahoto da kansa idan ta ɓata a hannunsa. A yanzu nauyin kai wannan rahoto cikin awa 48 yana wuyan dillalin da ya aika ne, wanda sau da yawa ba ya sanin kaya sun ɓata sai mai jira ya bugo waya yana tambaya.